Kitson Doka Ba Tsumma

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance. Ta shigo ɗakina a nan Gusau da wata 'yar leda mai hoton mace a jiki, tana murna, wai maganin gashi ne ta gani a waya, ta bi kasuwa rumfa-rumfa har ta samo shi. Na kwance bakin ledar na kai hanci, sai dariya ta ƙwace mini har da ƙwarewa. Garin karkashi ne. Karkashin nan da muke tsallakewa a bakin gona, wanda akuya ma sai ta ga dama take ci, shi aka daka aka manna wa hoto. Da dariyar ta lafa na ce ta cire ɗankwali in gani. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta cire, ta kuma cire gashin dokin da ke ƙarƙashi. Nan dariyata ta tsaya. Goshinta ya ja baya, gefen kunnuwa fayau, ɗan abin da ya rage kuma man miƙar da gashi ya cinye shi ya koma ja-ja. Yarinya ce mai tsiwa, amma ranar ko ido ba ta iya haɗawa da ni ba. Na san irin wannan kunyar, don na taɓa yawo da ita a kaina.

A Kucheri na tashi, can ƙasar Tsafe, lokacin da ba wanda ke buƙatar agogo. Ƙarar guga a rijiya ke tada mu, sai luguden daka ya amsa daga gida zuwa gida, in hantsi ya ɗaga kuma ka ji muryar matan Fulani suna tallar nono, da curin man shanu yana yawo a saman ƙwarya. 'Yan mata a lokacin ba mu cika rufe kai a cikin unguwa ba, don haka kitso shi ne adonmu, shi ne kuma shaidar cewa yarinya tana da uwa mai kula. Makitsiya ɗaya ce a unguwarmu, wata doguwar mata mai ƙarfin yatsu, tana aikinta a gindin durumin tsakar gidanta. Sai ki je ki kwantar da kai a cinyarta, ƙamshin man shanu da hayaƙin murhu na shigar miki hanci, manyan mata na gefe suna tsifa suna hirar gari. Duk labarin da bai bi ta gindin durumin nan ba, bai faru ba. Yanzu yara na zama a shago gaban madubi, kowace ta duƙa a kan wayarta, a gama mata kai ba ta san sunan ta kusa da ita ba.

Amma kada in yi wa zamaninmu ado fiye da kima, don mu ma muna da wautarmu. A unguwarmu kowa ya yarda cewa gashi a nannaɗe yake a cikin kai, sai an ja shi yake fitowa, kamar igiyar guga daga rijiya. Saboda haka kitson da bai yi zafi ba, ba kitso ba ne. Uwa za ta kai 'yarta ta ce wa makitsiya ta ja shi sosai, ya fito kuma ya daɗe. Makitsiyar kuwa ba ta barin ko 'yan gashin goshi, sai ta tsinto su ɗaya-ɗaya ta ɗaure. Mukan tashi daga cinyarta gira a ɗage, ido a buɗe, ko dariya ba ma iya yi sai an kwana biyu. Ƙuraje su feso a bakin kitso, mu riƙa nuna wa juna muna alfahari, wai alamar gashi ya kama hanya ke nan. In yarinya ta yi kuka a ce mata raguwa, kuma ba wadda ke son a ce mata haka.

Ni kuwa Allah ya ba ni gashi mai cika amma mai taurin kai, ya ƙi tsawo. Burina a duniya ɗaya ne: kitson doka, wannan mai tudu da ke tashi daga goshi ya gangara ƙeya, wanda in budurwa ta yi shi take tafiya wuyanta a miƙe. Masu gashi da nasu ake tada tudun. Marasa gashi kuma sai makitsiya ta naɗe tsumma ta cusa a ciki, ta rufe shi da ɗan abin da ke akwai. Kowa ya san ana yi, amma ba a faɗa. Ni ba na son ciko, nawa nake so. Don haka na fi kowace yarinya zuwa gindin durumi, na fi kowa cewa a ƙara ja. Yau a tsefe, yau a sake kitsawa, kaina bai taɓa kwana a sake ba. Ina ta jiran igiyar ta fito, goshina kuma yana ta ja da baya, ni kuwa na ɗauka jan ne bai isa ba.

Wata ƙaramar Sallah na matsa wa Inna, mahaifiyata, sai an yi mini doka. Makitsiya ta duba kan ta ce ba abin kamawa, amma za ta gwada. Ta yage wani tsohon zanen Inna mai ɗigo-ɗigon ja, ta naɗe, ta cusa, ta ja gashina ta lulluɓe shi da ƙyar. Da la'asar muka fita dandali wasan gaɗa. Na shiga fili, na juya, na faɗa hannun ƙawayena suka cilla ni sama, ina dirowa na ji kaina ya yi sakayau. Tsumman ya zame ya faɗi a tsakiyar fili, ja ɗigo-ɗigo, kowa na gani. Zabiyarmu, wata yarinya mai zaƙin murya da kaifin baki, ta ɗaga shi da yatsu biyu, nan take ta sa shi a waƙa, sauran suka amsa da tafi. Kafin magariba sunana ya koma 'Yar Tsumma. Har yaran da ban sani ba suna kirana da shi a hanyar rijiya. Na yi kuka ranar har muryata ta dishe, kuma ba don zafin kai ba.

Washegari Gwaggo ta zo barka da Sallah daga Karakkai. Yayar babana ce, gajeriya, mai faɗa, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Ta same ni a bayan rumbu na ƙudundune kaina da zane. Ta janye zanen, ta juya kan dama da hagu, ta shafa goshin da babban yatsa, sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Wa yay yi ma ɗiyag ga wanga aiki?"

Inna ta fito ta yi mata bayanin abin da kowa ya sani, cewa ja ake yi don ya fito. Gwaggo ta dube ta ta ce:

"Ke kin taɓa ganin an ja gero don shi yi tsawo? Tumɓuke shi za a yi. Ku ba ni ita."

An yi ta kai ruwa rana. Inna ta ji zafin maganar, don kamar an ce ba ta iya riƙon 'ya ba ne, alhali ita iyakar ƙoƙarinta take yi. Amma ba a hana gwaggo 'yar ƙaninta, kuma ni kaina na gwammace ko'ina da dandalin Kucheri. Aka ɗaure mini 'yan kayana, muka hau mota ta Gusau muka wuce Bungudu zuwa Karakkai. A hanya ta gaya mini sharaɗinta: kaina ya zama nata, ba tambaya, ba gardama, har sai ranar da ta ce ya isa.

Abin da ta fara yi shi ya fi ba ni haushi. Ta ɗauko almakashi ta datse duk bakin gashin da ya tsage ya yi ja. Ina kallon ɗan abin da na tara da azaba yana zuba a ƙasa, na ce a raina matar nan ba ta ƙaunata. Daga nan ta aike ni bakin gona in tsinko karkashi. Ta murje shi a ruwa mai ɗumi har ya yi yauƙi, ta wanke mini kai da sabulun salo ɗan kaɗan, ta ɗauraye, sannan ta kwarara yauƙin nan ta bi gashin da yatsunta. A gida in za a taje mini kai sai an danne ni, mataji na ƙara, gashi na karyewa. Ranar yatsu kawai suka wuce sulɓi, ba ko tsinkewa ɗaya. Da aka zo taza kuma daga baki ta fara, tana hawa a hankali zuwa tushe. Ta hana ni kusantar mataji in kaina a bushe yake, ta ce busasshen gashi ba a yi masa gardama.

Mai kuwa tana da tsarinta. Akwai wata Bafulatana ƙawarta da ke kawo nono daga ruga, ita ke ware mata sabon man shanu, wanda bai kwana ba. Gwaggo takan tsaga gashin layi-layi tun yana da damshi, ta shafa a fatar kai, ta murza da tafin yatsu har in fara gyangyaɗi, sannan ta bi bakin gashin da man kaɗe. Ba ta labtawa, ta ce mai yawa ƙura yake kira. In ta gama sai ta kama mini kalaba manya-manya, sako-sako, ta bar 'yan gashin goshi su yi abin da suka ga dama. In an tsefe, sai kan ya kwana ya sha iska kafin a sake kamawa. Ba na kwanciya sai da ɗankwali mai santsi. Har gammon da nake ɗaukar tulu da shi sai da ta canza, ta ce tsohon buhun da nake naɗewa yana cin tsakiyar kai, ta yi mini na zane mai laushi. Kuma kullum tana tura mini wake da gyaɗa da zogale da nono, wai kan da cikinsa ba komai ba ya tsiro. Ba abu ɗaya a cikin waɗannan da aka saya a kanti, duk a tsakar gida da bakin gona suke.

Babbar Sallah ta zo ina Karakkai. A zamanin nan yarinya ta fita Sallah ba sabon kitso mai kyau, abin magana ne, sai a ce marainiya ce ko mara lafiya. Na roƙi Gwaggo ko da na rana ɗaya ne a yi mini ƙananan kitso, ta ce in na ga an yi, to ba a gidanta ba. Inna ta aiko da saƙo cewa kada a kunyata ta a garin mutane, Gwaggo ta mayar da amsa cewa kunyar ai an riga an sha ta a Kucheri. Haka na fita da kalabata guda-guda kamar mai jego, 'yan matan Karakkai na kallona suna ƙus-ƙus. Na tsani Gwaggo ranar, ba zan ɓoye ba. Da na dawo na ƙi cin tuwon Sallah, ita kuwa ta cinye nata ta cinye nawa.

Wata safiya ina wanke fuska na ji wani abu mai laushi a goshina, inda a da yake santsi. Na ruga na leƙa cikin randa. Wasu 'yan gashi ne ƙanana, baƙaƙe, sun fito a jere. Na kai hannu zan kama su in ga tsawonsu, sai na ji Gwaggo ta buge mini hannu ta baya.

"Ɗauke hannunki. Ba a ja."

Daga ranar na daina gardama. Na yi damina, na yi rani, na sake ganin wata daminar a gidan Gwaggo, ina taya ta noman gyaɗa da kiwon awaki. Wani lokaci in Bafulatanar nan ta sauke ƙwarya, nakan tsaya ina kallon gashinta da ya sauko har ƙirji, ina haɗiyar yawu. Gwaggo ta lura. Ta ce in daina wahalar da raina, wannan irin nasu ne, nawa kuma irin gidanmu ne, mai cika da tauri, kuma irinsa doka ta fi so. Ta ce in san abin da nake nema in tsaya a kansa. Wannan magana ta zauna mini, don tun daga lokacin ban ƙara auna kaina da kan wata ba.

Ana saura kwanaki ƙaramar Sallah ta ce in shirya, za mu Kucheri. Ita da kanta ta kai ni gindin durumi. Makitsiya ta yi mini barka da zuwa, ta ji doka ake so, hannunta ya tafi kwandon tsummokara tun kafin ta dubi kan, don ta saba. Gwaggo ta zare mini ɗankwali kawai, ta warware kalabar. Gashin ya tashi ya cika, baƙi wuluk, yana sheƙi. Makitsiya ta nutsa yatsunta a ciki, ta kamo wani sashe ta miƙe shi a hankali, ya wuce kunne, ya wuce haɓa, ya taɓa kafaɗa. Ta ture kwandon da ƙafa ta ce wanga kai ba shi buƙatar ciko. Gwaggo ta ja kujera ta zauna dab da ita, duk sanda ta ga fatar goshina ta motsa sai ta yi gyaran murya, makitsiya ta sassauta. Wannan ne kitso na farko a gindin durumin nan da na tashi ina iya dariya.

Ranar Sallah da la'asar na fita dandali, wuyana a miƙe. Ban kai tsakiyar fili ba zabiya ta hango ni, ta ɗauko tsohuwar waƙar nan, 'yan amshi suka kama. Har ta ƙara cewa bana tsumman ya fi na wancan karon girma, zane guda aka cusa. Aka yi dariya. Amma ban gudu ba. Na shiga na yi rawata, aka cilla ni sama na diro, doka na nan daram. Zabiya ta ce ai an iya ɗauri ne. Sai na taka har gabanta, na durƙusa, na miƙa mata kaina.

"Tsehe shi. In kin iske tsumma, ki ƙara baiti."

Tafi ya tsaya. Ba a taɓa jin yarinyar da ta ba da kitson Sallarta a tsefe a ranar Sallah ba, kitson da aka yini ana yi. Idon jama'a na kan zabiya, ba damar ja da baya. Ta zaro tsinke ta fara daga ƙeya. Tana warwarewa tana laluben ciki da yatsa, 'yan mata sun kewaye mu har suna taka juna. Ta kai tsakiya, gashi. Ta kai goshi, gashi. Da ta zare tsinken na miƙe tsaye na girgiza kai, ya buɗe ya rufe mini kunnuwa. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙosai a gefe ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Zabiya dai ba ta rasa bakin magana ba, don nan take ta juya waƙar ta koma yabo, kuma in faɗi gaskiya ta fi ta zagin daɗi. Na yi sauran wasan da kaina a tsefe, ban taɓa jin daɗi irin na yammacin nan ba, ko ranar aurena. Da na waiga na hango Inna a bakin fili tana share ido da gefen mayafi, Gwaggo na kusa da ita tana cin ƙosai kamar ba abin da ya faru.

Sunan 'Yar Tsumma ya mutu a dandalin nan. Bayan Sallah iyaye suka fara kai 'ya'yansu gindin durumi suna cewa a sassauta, makitsiya na gunaguni wai kitso ba zai daɗe ba, amma tana yi. Ƙannena mata duk sun tashi da goshinsu cikakke.

Yau durumin babu shi, an yi shaguna a wurin. Gwaggo da Inna da makitsiya duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Matan ruga ba sa shigowa da nono kamar da, hanyoyin sun daina zama lafiya, sabon man shanu sai an yi cigiya. 'Yan mata sun bar gaɗa, ba wadda ta san doka sai a tsohon hoto. Amma jan nan bai mutu ba, sabon suna kawai ya samu. A da da tsumma muke ciko, yanzu da gashin doki ake yi, a ɗinke shi a kan ɗan gashin yarinya a ja har idonta ya yi ja, in goshin ya tafi kuma a sayo wani a rufe wurin.

Duk wannan na ba jikata labari ranar da ta kawo ledar karkashi. Na zare ɗankwalina ta gani, fari fat, amma goshina na nan inda Allah ya ajiye shi. Na tambaye ta me take so da kanta. Ta ce ba tsawo take nema ba, so take ranar bikin ƙawarta ta zauna cikin 'yan mata a yi mata kitso da nata, ba ta fargabar ɗankwali ya zame. Na ce to kanki ya zama nawa, ba tambaya, ba gardama. Muka rataye gashin dokin a ƙusa a bayan ƙofa. Ta yi kuka da na datse jan bakin, ta yi fushi da kalaba, ta ce ƙawayenta na mata dariya, ni kuwa na ci tuwona.

Shekaranjiya da safe tana zaune tsakanin ƙafafuna ina murza mata man kaɗe, sai na ga ta ɗaga waya tana haska goshinta, ta matso da ita, ta sake matsowa. Sun fito, ƙanana, baƙaƙe, a jere. Ta kira ni da wata irin murya, ta kai yatsu biyu za ta kama su. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan nata ba.

"Ɗauke hannunki," na ce. "Ba a ja."